Sharhina kan kwas ɗin kwamfuta na 'yan ajin farko

Duk wanda ya samu admishan a kwalejinmu a nan Kano sai ya yi kwas ɗin nan na koyon kwamfuta, ko Hausa yake karanta ko lissafi ko kasuwanci, babu zaɓi. Na gama nawa zangon da ya wuce kuma 'yan unguwarmu masu shigowa bana sun ishe ni da tambaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani. Kwas ɗin ya yi gaskiya, in maki ne zan ba shi bakwai cikin goma, ukun da na cire kuma saboda an tsara wasu dokokin ne kamar kowane ɗalibi yana da laftof a gida.

Ranar farko malam ya raba takardar ƙa'idoji. Sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na darasi kafin ka zauna jarabawa, wannan dama an saba da shi a manyan makarantu. Tes da asayimen da furaktikal maki 40, jarabawa 60. Ba a shiga ɗakin kwamfuta da abinci ko fiyawota, ba a soka filas ɗin waje, in ka makara da kwata an rufe ƙofa ko da kuwa daga Rijiyar Lemo ka taho a adaidaita cikin goslo ɗin safe. Ta filas ɗin da farko mun yi ta ƙorafi, amma duk wanda ya taɓa kai filas ɗinsa shagon firintin ya dawo ya tarar bairos ya mayar da foldojinsa shotkot ya san malam yana da gaskiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda da yawanmu muka shigo muna ganin mun iya. Ai tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta, kowa a ajin ya yi, ga waya a hannu kullum ana TikTok da WhatsApp. To amma JAMB maɓallai takwas sun ishe ka, A B C D da na gaba da na baya da na miƙawa da na komawa, ko mawus ba sai ka taɓa ba. Da malam ya ce kowa ya buɗe folda da sunansa ya adana fayil a ciki sannan ya rufe ya sake nemo shi, wallahi aji ya rikice, wani ya yi sebin bai san inda abin ya shiga ba, wata tana danna mawus sau biyu kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan surukai, a hankali a hankali har kwamfutar ta ɗauka sunan foldar take son canzawa. Malam bai yi wa kowa dariya ba, wannan na yaba masa. Ya sa mu ɗora yatsu a layin tsakiya na kibod, hagu a kan A S D F dama a kan J K L, ya nuna mana ɗan tudun nan da ke jikin F da J wanda ake lalubawa ba sai an kalla ba.

Word da PowerPoint an yi su ba laifi. Excel ne inda na ji kuɗin makarantata ya halatta. Misalin shagon kayan masarufi na kasuwar Singa ya kawo, layi ɗaya sunan kaya, buhun shinkafa katan ɗin taliya jarkar mai, layi ɗaya adadi, layi ɗaya farashi, ya rubuta fomula ɗaya ta ninkawa ya kama kusurwar akwatin ya ja ƙasa sai ga lissafin duka ya fito, ya canza farashin shinkafa jimilla ta canza da kanta. Wani ɗan ajinmu da yake riƙe wa babansa littafin shago a Kwari cewa ya yi malam dan Allah a maimaita, tun daga ranar bai ƙara fashin aji ba.

Dokar kwafa kuwa babu sassauci. In fayil biyu suka zo iri ɗaya da mai bayarwa da mai karɓa duk sifili. Kuma ba wai karantawa kawai yake ba, yana shiga bayanan fayil ɗin ya ga sunan kwamfutar ko mutumin da ya ƙirƙire shi, haka aka kama waɗanda suka ba mai kafe kwangilar aikin, sunan shagon ne ya fito ɓaro-ɓaro. ChatGPT ya ce ka tambaye shi bayani in ka ga dama, amma ranar furaktikal a gabansa za ka zauna ka yi da hannunka.

Yanzu inda ban gamsu ba. Kwamfutocin ba su kai yawanmu ba, mutum uku a kan guda, mai ƙarfin hali shi ke riƙe mawus sauran 'yan kallo, in an ɗauke wuta kafin a tada inji rabin lokaci ya tafi kuma wanda bai saba danna Ctrl da S don yin sebin ba aikinsa ya bi ruwa. Wasu injinan ma Windows 7 ne a kai, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020. Duk da haka asayimen ta imel ake turawa kafin sha biyun dare, in ka ƙara kwana a zaftare maka maki. Mai laftof zai yi a ɗakinsa, marar shi sai kafe ya biya kuɗin awa, ko ya yi a waya da manhajar rubutu ta WPS ya tura malam ya buɗe ya ga tebur ya karkace rubutu ya hau kan juna ya rage maki, alhali yaron ya fahimci darasin. Ba kowane uba ne zai iya zuwa Beirut Road ya sayo ko da ta hannu ba a wannan yanayin da ake ciki.

Sannan a Kano muke amma har aka gama ba a nuna mana yadda ake rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba, bayan Windows tana da kibod ɗin Hausa, a saitin harshe kawai za ka ƙara. Maganar 'yan damfara masu kira suna neman OTP ko BVN ita ma a gurguje aka wuce ta, ni kuma a ganina ta cancanci darasi guda cur.

In za ka shiga, ka buɗe Gmail da sunanka na gaskiya tun kafin a fara, yana zuwa da gigabait 15 kyauta da za ka riƙa ajiye aikinka tunda filas ba ya shiga. Ka zo da wuri ka samu kujerar tsakiya. Mun kai wa malam koken a riƙa buɗe ɗakin kwamfuta da yamma ko ranar Asabar saboda marasa laftof, ya ce zai kai maganar sama, sai ku 'yan bana ku ci gaba da tuna masa.