Zobo ko kunun aya: wanne za a ɗura a kai wa mutane?

Ƙanwata, ki yi zobo. Na faɗa miki tun daga farko don kada surutuna ya gajiyar da ke. Amma tunda kin ce tsakaninsa da kunun aya kike wasiwasi, kuma gida 12 za ki kai wa ranar Sallah, bari ki ji dalilina.

Shekarar da na fara rabon zobo, har da gwaggon maigidana na aika wa, tsohuwar da ba ta yaba abin hannun kowa. Ko tuwo aka kai mata sai ta ce miyar ta ji gishiri. Roba biyu na ba yaro ya kai, gabana na faɗuwa. Washegari da hantsi sai ga jikanta da robobin an wanke su tas, wai in ji Gwaggo a ƙaro mata "jan nan". Ba ta ce ya yi daɗi ba, kuma har yau ba ta faɗa ba, amma duk Sallah robobinta ne ke fara isowa.

Mudu ɗaya na busasshen zobo yana ba ni wajen lita 10, wato ƙananan robobi 20, idan ban cika masa ruwa ba. Ki ɗauraye shi da ruwan sanyi sau biyu, da sauri, don yashi ya fita. In kika bar shi ya jiƙa, launin zai bi ruwan wankin. Ki zuba a tukunya da dakakkiyar citta da ɗan kanumfari da ɓawon abarba wanda kika wanke sosai, ya tafasa kamar minti 20, ki sauke ki bar shi a rufe ya huce da kansa. Ni da daddare nake dafawa, da asuba in tace da ƙyallen tata. Sukarin ki narka shi da ruwan zafi daban sannan ki haɗa. Ba markaɗe, ba zuwa inji, ba jiran wuta.

Abin da ya sa ya dace da kyauta shi ne tsaminsa. Wannan tsamin da tafasar da ya sha su ne ke riƙe shi, ya jure hanya, ya yi kwanaki a firji. Shi ya sa ba na zuba masa kanwa kamar yadda wasu ke yi: tana kashe tsamin, tana kuma dusashe jan ya koma baƙi-baƙi. Sannan kada ki markaɗa ɗanyar abarba ko kankana ki juye a ciki don neman burgewa. Ɗanyen 'ya'yan itace da sukari da zafin rana cikin rufaffiyar roba, ai kin haɗa wa barasa kayan aikinta ke nan. Za ki ga robar ta kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi tsit da kumfa, warin ma ya sauya. Wanda ya kai nan zubarwa ake yi. Ki dafa ɓawon tare da zobon, ƙamshin zai shiga ba tare da wannan rigimar ba.

Kunun aya kuwa, to, yana da daɗi, ban hana shi ba. Amma na sha a gida ne, yau a yi, yau a shanye. Sau ɗaya na yi gangancin kai shi kyauta. Na jiƙa aya ta kwana, na cire ƙwallon dabino ɗaya bayan ɗaya, na kankare kwakwa, na bi layin inji, na tace har hannuna ya sage. Cikin dare aka ɗauke wuta. Da safe muka ɗora shi a bayan mota daga Kano zuwa Zariya cikin zafin bazara. Da muka isa, uwar mijina ta buɗe roba ɗaya a gaban baƙi, ta tsiyaya a kofi, sai ga shi yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Shiru kawai ta yi ta mayar da murfin. Da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ba a dafa shi, ga maiƙo ga zaƙi, awa kaɗan ba sanyi ya juya. In har kin matsa sai shi, ki daskarar da shi ya zama ƙanƙara, kuma kada ya wuce maƙwabta na kusa.

Ba ki tambaya ba, amma ki buɗe ido wajen saye. Zobonmu yanzu kayan fitarwa ne. Daga Jigawa da Kano ake lodinsa har Meksiko, inda su ma suke jiƙa shi su sha, don haka mai kyaun yakan bi manyan buhuna, a bar mana tarkacen. Akwai masu yayyafa masa ruwa don ya cika mudu, akwai masu cakuɗa shi da kara da burbushi su lulluɓe saman da mai kyau. Ki cusa hannu har ƙasan buhu ki damƙo. Busasshe yana ƙaras-ƙaras, mai danshi yana lanƙwashewa, wani har da warin fumfuna. Ki juya mudun ki ga gindinsa, in an buga shi ya shige ciki, ki yi gaba. Na taɓa saye da magariba a hannun wani mai baro, da na zo gida rabin abin ƙasa ce. Mai duhun ja ki nema, shi ke ba da launi, ba sai kin sayi hodar kala ba.

Robobi ma haka. Waɗanda ake tallarsu a buhu, an ce an wanke, Allah kaɗai ya san inda aka tsinto su. Ki sayi sababbi masu murfin da ke ɗaurewa, ki ɗura bayan ya huce, ki bar ɗan fili a wuya don in ya daskare kada ya fasa.

In da mai juna biyu a cikin waɗanda za ki kai wa, ko mai shan maganin hawan jini, ki gaya musu zobo ne mai ƙarfi, domin yana saukar da hawan jini. Gidan da akwai mai ciwon sukari, ki ware masa nasa kafin ki zuba sukari, ki ɗaura zare a wuyan robar don kada a rikita.

Ki sayo zobon tun saura mako, kafin kasuwa ta rikice. Ki dafa daren jajibere, ya kwana a sanyi, a fara rabo bayan an sauko idi. Ki kuma ajiye roba huɗu a gefe, don za a dawo neman ƙari.