Sharhi Kan Haɗa Miyar Kayan Lambu Da Na'urar Suya Da Iska Mai Zafi

Na daɗe ina amfani da na'urar suya da iska mai zafi, wadda aka fi sani da eya firaya, wajen gashin kaza da dankali, kafin na fara sa ta cikin aikin miyar kayan lambu, irin wadda ake markaɗawa a sha da cokali. Abin da na fahimta shi ne na'urar ba ta dafa miya, kuma duk wanda ya saye ta da tunanin zai zuba ruwa da kayan lambu, ya murɗa maɓalli, ya dawo ya tarar da miya ta haɗu, to zai sha takaici. Amfaninta yana a mataki guda ne kawai, wato gashin kayan kafin su shiga tukunya, sai dai wannan matakin ya canza ɗanɗanon miyar fiye da duk wani kayan ƙamshi da na taɓa ƙarawa, kuma saboda shi nake ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Kamfanin Philips ne ya fito da wannan na'ura a idon duniya a shekarar 2010, a bikin baje kolin kayan lantarki na IFA da ake yi a birnin Balin na ƙasar Jamus, bisa ƙirar wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij. Daga baya kamfanoni da dama sun shiga ƙera irinta, amma tsarin bai canza sosai ba: akwai ƙarfen ɗumama a sama, a bayansa kuma fanka mai ƙarfi tana hura iskar da ta yi zafi ƙasa, ta ratsa kwando mai huji-huji, ta zagayo. Tawa irin mai aljihu ce da ake jawowa, an rubuta mata lita 4 da wat 1,500, zafinta kuma yana farawa daga digiri 80 zuwa 200 a ma'aunin Salsiyos.

Dalilin da ya sa gashi yake canza miya yana da sauƙin bayani. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce kimanin digiri 100, saboda haka karas ko albasar da aka jefa ciki za su yi laushi ne kawai, ba za su yi launi ba. Sauyin da ke sa abinci ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ya kuma fitar da ƙamshin gashi, wanda masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya yi bayaninsa a 1912, yana faruwa ne tsakanin sukarin da ke cikin abincin da sinadaran furotin, kuma ba ya yin sauri sai zafi ya kai wajen digiri 140, sannan fuskar abincin ta bushe. Iskar na'urar tana yin waɗannan ayyuka biyu lokaci guda, tana busar da fuskar kayan tana kuma kai su wannan zafi. Ban da haka, ruwan da ya fita daga jikin kayan yana barin zaƙinsu a dunƙule, shi ya sa miyar karas gasasshe take da zaƙi na kanta ba tare da an ƙara mata komai ba.

Ga yadda nake yi. Nakan yanka karas da kabewa gutsi-gutsi, kowanne kamar santimita 2, domin idan girman ya bambanta ƙananan za su ƙone kafin manyan su nuna. Nakan zuba su a kwano, in ɗiga man zaitun cokali guda da ɗan gishiri, in cuɗa da hannu har kowane yanki ya yi sheƙi, sannan in shimfiɗa su a kwandon, in sa zafi a digiri 190 na minti 10. Bayan nan ne albasa da jan tattasai da tumatir suke shiga, su ma an shafa musu mai, tumatirin a rabe biyu, ɓangaren da aka yanka yana kallon sama. Tafarnuwa nakan sa ta da ɓawonta, in tura ta ƙarƙashin sauran kayan, saboda idan aka ɓare ta aka bar ta a fili takan ƙone da wuri, kuma ƙonanniyar tafarnuwa ƙwaya ɗaya ta isa ta sa tukunya guda ɗaci. Minti 10 zuwa 12 sukan ishe su, tare da girgiza kwandon sau ɗaya a tsakiya.

Idan aka jawo aljihun a ƙarshe, abin da ake so a gani shi ne gefen albasa ya yi duhu amma cikinta ya yi laushi yana sheƙi, fatar tattasai ta kumbura ta yi baƙi-baƙi a wasu wurare har tana saluɓewa da yatsa, tumatirin ya yamutse ya zauna cikin ruwansa, karas ɗin kuma cokali mai yatsu yana shiga cikinsa ba tare da turjiya ba. Tafarnuwar idan aka matsa ta sai ta fito daga ɓawonta luɓus, zafinta ya tafi, ta koma mai ɗan zaƙi. Nakan cire baƙar fatar tattasai da duk wani gefen albasa da ya wuce ruwan ƙasa ya zama gawayi, domin launin gashi daban ne, ƙuna kuma daban, kuma a wannan na'ura tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce minti biyu ko uku.

Akwai wani abu da ban ga littafin bayanin na'urar ya ambata ba, alhali a ganina yana cikin mafi daraja a aikin. Tumatir kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma yayin gashi wani ɓangare na wannan ruwa yana ɗiga ta hujin kwando zuwa kaskon ƙasa tare da man da ruwan albasa, ya yi kauri, ya kama kaskon. Wannan kamun ɗanɗano ne tsantsa. Bayan na kashe na'urar na zare kwandon, nakan zuba rabin kofi na ruwan zafi a kaskon, in karkaɗa shi da cokalin katako, in juye a tukunya. Sharaɗin kawai shi ne kaskon ya kasance an wanke shi tas kafin a fara, in ba haka ba tsohon maiƙon kifi ko na kaza zai biyo ruwan zuwa cikin miyar.

Daga nan aikin ya koma kan tukunya, kuma ba shi da tsawo. Nakan haɗa gasassun kayan da romo ko ruwan zafi wanda zai ɗan rufe su, in sa masoro da ɗan citta, in bar su su tafasa a hankali na minti 10 domin ɗanɗanon ya gauraya, sannan in markaɗa. Wanda zai yi amfani da bilenda mai murfi ya kula, domin tururin miya mai zafi yana iya tunkuɗe murfin ya watsa wa mutum ita a fuska. A bari ta ɗan huce, kada a cika jug ɗin fiye da rabi, a kuma buɗe ƙaramin hujin saman murfin a rufe shi da tsumma. Gasassun kaya suna ba miya zaƙi mai nauyi, shi ya sa nake matsa ɗan lemon tsami a ƙarshe, wanda yake farfaɗo da ita nan take.

Na gwada dafa miyar gaba ɗaya a cikin na'urar, ta hanyar sa kwano mai jure zafi a cikin kwandon, saboda na ga ana tallata hakan. Ba na ba kowa wannan shawara. Zafin yana zuwa ne daga sama, ta iska, kuma iska ba ta isar da zafi cikin ruwa da sauri kamar gindin tukunya da ke kan wuta, don haka saman miyar ya bushe ya yi fata tun ƙasanta bai ɗauki zafi sosai ba. Kwanon kuma yana toshe hanyar iskar, wadda ita ce duk dabarar na'urar. Sai batun haɗari: fanka tana kaɗa ruwan, yana iya fantsama kan ƙarfen ɗumama, sannan fitar da cikakken kwano mai zafi daga aljihu mai zurfi, babu inda za a kama, ba ƙaramin aiki ba ne. Lokacin da aka ɓata ya fi na tukunya, miyar kuma ba ta kai ta tukunya ba.

Ba kowane kayan lambu ne yake amfana da gashin ba. Ganye mara nauyi kamar alayyafo iskar takan ɗaga shi ta manna shi a ƙarfen ɗumama, ya ƙone ya cika ɗakin girki da ƙauri, saboda haka wurinsa tukunya ne, a mintunan ƙarshe. Koren wake yakan yamutse ya yi tauri. Kabeji yana yin kyau idan an yanka shi manya-manya, amma siraran gefensa sukan ƙone. Haka kuma miyar da ake son ruwanta ya fito garau, kayan suna iyo a ciki da launinsu, ba ta buƙatar wannan na'ura ko kaɗan. Inda ta yi fice shi ne miyar da za a markaɗa, musamman ta tumatir da tattasai, ko ta kabewa da karas, ko ta farin kabeji.

Babban ƙorafina shi ne ƙanƙantar kwandon. Litar da ake rubutawa a kwali tana nufin zurfi da faɗi gaba ɗaya, alhali abin da mai gashi yake buƙata shi ne faɗin ƙasan kwandon, tunda kayan suna son a shimfiɗa su ne kusan jeri ɗaya. Idan aka tula su, na ƙasa za su turaru cikin tururin junansu, su fito fari fat kamar dafaffu, ke nan an rasa dalilin kunna na'urar. A tawa, abin da ke shiga a zubi ɗaya yana yin miyar mutum biyu zuwa uku. Wanda zai ciyar da mutum shida ko fiye sai ya yi zubi biyu ko uku, kuma a nan babban obin, wato tandar gashi, mai faffaɗan faranti ya fi ta, domin zai gasa komai lokaci guda. Da zan sake saya, da na zaɓi mai kwando mai kusurwa huɗu maimakon mai zagaye, kuma da na auna faɗin ƙasansa kafin in duba litar.

Game da lafiya, ina ganin masu talla suna wuce gona da iri. Gaskiya ne na'urar tana rage mai sosai idan aka kwatanta da suya cikin mai tsundum, amma miyar kayan lambu dama ba abinci ne mai yawan mai ba, don haka ragin da ake samu a nan ba shi da yawa. Zafi yana rage bitamin C ko ta wace hanya aka bi, sai dai ita miya tana da wata fa'ida, wato abin da ya narke cikin ruwan dahuwa ba a zubar da shi, ana shanye shi ne. Shi kuwa ɗan man da ake shafawa yana da amfani, domin sinadarin karotin na karas da kabewa da kuma laikofin na tumatir a cikin mai suke narkewa, jiki kuma ya fi ɗaukarsu idan an dafa kayan tare da ɗan maiƙo. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne dankalin turawa. A 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka sanar da samun sinadarin akirilamaid, wanda ake zargin yana iya jawo ciwon daji, a abinci masu sitaci da aka soya ko aka gasa da zafi mai yawa, kuma tun daga nan hukumomin kula da abinci suke ba da shawarar a tsaya a launin zinariya kada a kai ga duhu. Ni dai idan ina son dankali ya kaurara mini miya, a tukunya nake dafa shi, tunda gashinsa bai ƙara wa miyar wani abin kirki ba.

Ta fuskar lokaci da wuta ba ni da ƙorafi. Na'urar tana ɗaukar zafi cikin minti biyu zuwa uku saboda ƙanƙantar cikinta, kuma na'ura mai wat 1,500 da ta yi aiki na minti 20 ba za ta ci fiye da rabin yunit na lantarki ba, ƙila ma ƙasa da haka, tunda ƙarfen ɗumama yana kashe kansa yana kunnawa don riƙe zafin da aka zaɓa. Daga yanka kaya zuwa zuba miya a kwano ba ya kai ni minti 45. Fankar tana da ƙara, ba mai damuwa sosai ba, amma ana jin ta daga ɗaki na kusa, kuma iska mai zafi tana fita ta bayan na'urar, don haka ba a jingina ta da bango. A mintunan da miya take tafasa nakan yanka busasshen burodi ƙanana, in shafa masa mai, in gasa shi na minti 4 a digiri 180 domin a barbaɗa a saman miyar, wannan kuwa aiki ne da na'urar take yi ba tare da aibu ba.

Wanki shi ne ɓangaren da ya fi gajiyar da ni. Ruwan tumatir da zaƙin albasa suna maƙalewa a hujin kwando, kuma ba a kankare su da soson ƙarfe, saboda kwandon yana da shafin da ke hana abinci kamawa, irin wanda ake yi wa kaskon suya na zamani. Zafin na'urar ba ya kai digiri 260 da irin wannan shafi yake fara lalacewa, amma karce yana cinye shi, kuma a tawa gefunan da kwandon yake gogar kasko sun riga sun fara ɓarewa duk da lallaɓawar da nake yi. Abin da ya fi mini sauƙi shi ne in jiƙa kwandon cikin ruwan ɗumi da sabulu tun yana da sauran ɗumi, in wanke da soso mai laushi bayan an gama cin abinci. Lokaci-lokaci kuma, bayan na zare filogi na'urar ta huce sarai, nakan kifa ta in goge ƙarfen ɗumama da danshin tsumma, domin maiƙon da ya taru a can shi ne yake sa kayan lambu su ɗauki warin abin da aka gasa kafin su.