Altmetric: Yana Auna Tasirin Bincike Ko Yawan Surutu?

Duk wanda ya saba buɗe mujallun kimiyya na Wiley ko Taylor & Francis ya san wani ɗan zobe mai launuka da ke maƙale a gefen maƙala, da lamba a tsakiyarsa. Zoben na kamfanin Altmetric ne, wanda Euan Adie ya kafa a Landan a 2011, yana kuma ƙarƙashin kamfanin Digital Science. Aikinsa shi ne bin sawun maƙalar bincike bayan ta bar hannun masana, a ga inda ta sauka cikin jama'a: ko jarida ta ɗauka, ko wata hukuma ta kafa hujja da ita a takardar manufofinta, ko ta shiga Wikipedia, ko an ambace ta a takardar mallakar ƙirƙira.

Kowane launi da ma'anarsa. Ja na kafafen labarai ne, ruwan ɗorawa na shafukan bulog, shuɗi mai haske na X, shunayya kuma na takardun manufofin hukumomi. Lambar tsakiya ba ƙidayar ambato ba ce kai tsaye, domin kowace kafa da nauyinta. A ma'aunin asali labarin jarida maki 8 ne, bulog 5, takardar manufofi 3, takardar mallakar ƙirƙira 3, Wikipedia 3, rubutu a X ko Facebook kuwa rubu'in maki kacal. Kenan sai an tara rubutu 32 a X kafin a kamo labarin jarida ɗaya. Maƙalar da jaridu uku suka ɗauka, hukuma ɗaya ta ambata, mutum 40 suka yaɗa a X za ta tashi da maki 37 ko kusa da haka, tunda ana ɗan ƙara ko rage nauyi bisa girman kafar. Mutum ɗaya ko ya yaɗa sau goma a dandali guda, sau ɗaya ake ƙirga masa.

Amfani da shi ba wuya. A danna zoben, shafin bayani zai buɗe, kowace kafa da sashenta. Idan mujallar ba ta saka zoben ba, akwai maɓalli na kyauta da ake ja a ajiye a layin alamomin burauza, sai a buɗe shafin maƙalar a latsa shi. Sharaɗin dai maƙalar ta kasance da lambar shaida, kamar DOI (lambar dindindin da ake bai wa maƙala a intanet) ko lambar rumbun maƙalu na PubMed ko na arXiv.

A nan ne ma yawancin asara take faruwa. Manazarci ya ɗauki hoton shafin farko ya yaɗa, ko ya tura fayil ɗin PDF ba tare da mahaɗin da ke kai wa ga shafin maƙalar ba, to ambaton ya tafi a banza, na'urar ba ta da abin da za ta kama. Haka ɗan jaridar da ya rubuta "wani bincike ya nuna" bai faɗi mujalla ko marubuci ba. Hirar rediyo, saƙonnin WhatsApp, taron wayar da kan manoma ko ma'aikatan lafiya, duk ba sa shiga lissafi, alhali sau da yawa ta nan ilimi yake isa ga masu buƙatarsa. Maƙalun da suka fito kafin 2011 su ma makinsu kan yi ƙasa ba don laifinsu ba.

Babban aibin lambar shi ne ba ta bambance yabo da zagi. Maƙalar da tawagar likitan Faransa Didier Raoult ta fitar a watan Maris na 2020 kan maganin hydroxychloroquine da cutar korona ta karaɗe duniya, ta tara ambato ba adadi, sannan mujallar ta janye ta a Disambar 2024. Masu sukarta da masu kare ta duk sun taya ta tara maki. Kamfanin da kansa yana kiran lambar makin jan hankali, bai ce ma'aunin inganci ba ne. Masu liƙa ta a takardar neman ƙarin girma ne suke mata wata fassarar. Kuma bai dace a gwada makin maƙalar lissafi da na maƙala kan abinci da ƙiba ba. Shafin bayanin yana nuna matsayin maƙala a tsakanin tsararrakinta na mujalla ɗaya, wannan ya fi lambar zalla faɗin gaskiya.

Inda sabis ɗin ya ciri tuta shi ne sashen manufofi da na mallakar ƙirƙira. Ganin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci maƙala a wani kundin shawarwarinta hujja ce da za a buɗe a karanta, kuma gano ta da hannu aiki ne na kwanaki. Abin mamaki, wannan ambaton maki 3 ne kawai, daidai da rubutu 12 a X, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana.

Jami'o'i na biyan kuɗi don Altmetric Explorer, mai tattaro bayanan sashe ko jami'a baki ɗaya. A Birtaniya, inda tasiri ga al'umma ya ɗauki kashi 25 cikin 100 na tantancewar ingancin binciken jami'o'i (REF) ta 2021, yana taimakawa wajen gano inda za a fara neman hujja, sai dai masu tantancewa canjin da binciken ya kawo suke son gani. Manazarci shi kaɗai ba ya buƙatar na kuɗin, maɓallin kyauta ya wadatar da shi, muddin zai riƙa yaɗa aikinsa da mahaɗin DOI.