Helebon da na saya ta intanet: shukar ta yi, masu sayarwar ne ba su yi ba

Tauraro biyu na ba masu sayarwar a wurin yabon kaya, kuma ko biyun ma albarkacin shukar suka ci. Duk wanda yake zaune a nan Ingila, yana da ɗan fili a bayan gida da rana ba ta leƙawa, to an taɓa ce masa ya sa helebo, wata shukar ado da take jure inuwa, take fure a lokacin sanyi. Ni ma abin da aka yi ta gaya mini ke nan. Gidanmu a Sheffield irin jerin gidajen nan ne da suke manne da juna, bayansa yana kallon arewa, ga katangar bulo, ga bishiyar maƙwabta ta yi mana rumfa. Ƙasar kuma yumɓu ce, in ta jiƙa sai ta riƙe takalmi. Daga Nuwamba har Maris ba abin da ido zai gani a wurin sai gansakuka da kwandon shara.

A Oktoban 2022 na yi odar guda uku daga wasu masu sayar da tsirrai ta intanet, kun dai san irinsu, waɗanda ba sa barin mako ya wuce ba su turo saƙon rangwame ba. Hoton da suka sa ne ya ja ni: fure ja mai duhu har yana neman komawa baƙi, manya-manya, a cike da tukunya. Abban yara ya leƙa wayar ya ce, "Maman yara, arha fa ba ta ado." Na ce masa wace arha, in an haɗa da kuɗin aike ai ya kusa kama farashin shago.

Kwali ya iso, na buɗe, sai ga 'yan robobi masu faɗin santimita 9, kowace da ganye uku ko huɗu, ƙasar ɗaya ma ta zube rabi a cikin kwalin. Biyu daga ciki ganyensu da ɗigo-ɗigon baƙi. Na ɗauki hoto na tura musu, suka ce ba komai ba ne, in yanke ganyen kawai. A wannan kam ba su yi ƙarya ba, cutar funfuna ce da aka san helebo da ita, yanke ganyen da ya kamu a jefa a shara shi ne maganinta. Sai dai ban ga dalilin da zan biya kuɗi a aiko mini da shuka da cutarta ba. Na haƙura. Na haƙa ramuka, na gauraya yumɓun da ruɓaɓɓen ganye da taki, na dasa ba tare da na binne wuyansu da zurfi ba, don ba sa so.

Fabrairun 2023 ya zo ya wuce, ko toho na fure babu. Na sake rubuta musu, suka ce ƙananan shuka sai sun kafa saiwa, in jira baɗi. To me ya hana a rubuta hakan a shafin tun farko? A shafin cewa aka yi "fure daga Janairu zuwa Afrilu", ba a faɗi Janairun wace shekara ba.

Na jira baɗin. Ƙarshen Janairun 2024 kara ya fara turowa daga ƙasa da ƙullin fure a kansa, kullum da safe kafin in kai yara makaranta sai na leƙa. Ranar da suka buɗe, wallahi tsayawa na yi ina kallonsu. Ni da nake jiran kalar zoɓo mai kauri, sai na samu zoɓon da aka tsuga wa ruwa saboda baƙi sun yi yawa. Ɗaya ruwan hoda ne da ya koɗe, ɗaya kore-kore da datti-dattin ja a gefe, na ukun ma ban san sunan da zan ba kalarsa ba. Ko ɗaya bai yi kama da hoton ba. Kuma duk sun sunkuyar da kai ƙasa, sai ka durƙusa ka sa yatsa ka ɗago furen kafin ka ga cikinsa.

Amsar da suka ba ni ita ce ta fi ƙona mini rai. Wai daga iri aka raine su, don haka kala tana iya bambanta, hoton kuma misali ne kawai. Wai kuma garantinsu na shekara ɗaya ne, ya riga ya ƙare. Ku duba fa. Su ne suka ce in jira shekara ta biyu kafin in ga fure, yanzu na jira, sun ce lokacin ƙorafi ya wuce. Aka ƙare da ba ni lambar rangwamen kashi 10 cikin ɗari a kan oda ta gaba. Odar wa?

Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da ta fi shekara talatin tana fama da lambunta, ita ta warware mini zancen ta kan katanga. Ta ce irin wannan helebon, Helleborus x hybridus, ƙudan zuma ne suke haɗa shi da duk wanda yake kusa, don haka ɗan da ya fito daga iri ba dole ya ɗauko kalar uwarsa ba, kuma yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ya yi fure. Masu sana'ar na gaskiya da hannu suke haɗa fure da fure, su zaɓi iyaye, su jira 'ya'yan su yi fure kafin su sayar. Ta ba ni labarin marigayiya Helen Ballard, wadda ta shafe shekaru tana wannan zaɓen har ta fito da kaloli masu duhun nan, da kuma gidan renon tsirrai na Ashwood da ke kusa da Kingswinford, inda mutane suke yin takakkiya a lokacin sanyi don su zaɓa da idonsu. Sannan ta nuna mini gindin nata, cike da 'yan ƙananan da suka fito da kansu, ta ce duk shekara tugewa take yi ta zubar don yawanci kalarsu ba ta da kyau. Wato abin da take zubarwa shi na biya kuɗi na jira wata goma sha biyar.

Duk da haka ba zan zalunci shukar ba. Sanyin da aka yi a Disamban 2022, wanda ya kashe wa mutane da yawa shuke-shuken ado irin su hebe da kodilin a unguwarmu, waɗannan 'yan mitsi-mitsin da ba su fi wata biyu a ƙasa ba ko gezau. Dodon koɗi da ya cinye mini shukar hosta tas bai kula su ba. Ban cika ba su ruwa ba sai in an daɗe ba a yi sama ba. Kuma furen yana daɗewa ƙwarai, domin abin da muke gani kamar fure ainihi ganyen da yake rufe furen ne, shi ya sa ba ya kakkaɓewa, sai dai ya riƙa komawa kore a hankali har cikin Afrilu. A ranakun da rana ta ɗan fito cikin Fabrairu, manyan ƙudan zuman nan masu gashi suna zuwa kansu, lokacin ba wani abincin kirki a ko'ina.

A watan da na yi faɗa da su na shiga wani shagon lambu na gari, gani ya kori ji, na ɗauko guda ɗaya tana cikin fure, a tukunyar lita 2. Sunanta 'Anna's Red', wani mai renon helebo a Devon, Rodney Davey, shi ya samar da ita. Irin waɗannan masu suna ba daga iri ake yin su ba, daga jikin uwar ake ɗiba a raina a ɗakin gwaje-gwaje, don haka abin da ke jikin takarda shi za ka samu. Ta fi tsada, ita kaɗai ta kusa kuɗin ukun can. Amma ja ne na gaske, ganyen da zane-zane, furen kuma bai cika sunkuyawa ba, daga tagar kicin ina ganinsa.

A farkon Janairun 2025 da aka yi dusar ƙanƙara da daskarewa, na fito da safe na tarar da su duka a kwance shame-shame, kara ya yi laushi, ƙullin fure a ƙasa. Kafin la'asar, da iska ta ɗan sassauta, sai ga su sun miƙe tsaye kamar ba su ba. Haka suka yi ta yi kowace safiya har sanyin ya wuce. Ashe daskarewa ce take janye ruwa daga ƙwayoyin jikinsu, in ta narke ruwan ya koma. Azumin shekarar ya kama cikin Maris, suna tsakiyar fure. Da yake in an yanke su da kara an sa a kwalba saurin yaushi suke, maƙwabciyar ta koya mini in cire kan furen kawai in ɗora a kan ruwa cikin kwano mai faɗi. A haka har koɗaɗɗun nan sun yi kyau a teburin buɗa-baki, don a cikinsu akwai ɗigo-ɗigon ja da ba a gani in suna sunkuye. Abban yara ma ya yaba, har yana cewa in ƙara musu tauraro.

Ba zan ƙara ba, don akwai abin da ya fi kala muhimmanci. Helebo guba ce daga saiwa har fure, ruwanta kuma yana sa fata ƙaiƙayi, sai da safar hannu ake yanke tsohon ganyen a Disamba ko Janairu. A takardar da shagon gari suka maƙala an rubuta hakan ƙarara. A robobin da waɗancan suka aiko kuwa ba ko kalma ɗaya, ni kuma ina da autan da a lokacin komai ya gani baki yake kaiwa. Ta kan katanga na ji wannan ma, daga maƙwabciyata, ba daga wurinsu ba. Har yau kuma ba su daina turo mini saƙon rangwame ba, na danna a cire ni ya ƙi ciruwa.

In za ku saya, ku bari sai Fabrairu, ku je da ƙafarku, ku ɗago furen ku duba, ku juya ganyen ku tabbatar ba baƙin zane a jikinsa ko ƙwarin darɓa a ƙarƙashi, don akwai wata cutar ƙwayar bairos da ke baƙanta shukar wadda ba ta da magani sai tugewa. Ukun nan nawa suna nan a gindin katanga, ba sa son a riƙa ciccire su, ni ma ba ni da ƙarfin sake haƙa yumɓun nan. Mai son 'ya'yansu ya zo ya ɗiba, sun fara fitowa, amma kada a tambaye ni kalar da za su yi.