Tsohon lilo ko sabo: wanne za a zuba wa kuɗi?

Masu ƙananan wuraren wasa a Yamai sun dame ni da tambaya: a gyara tsohon lilon dawaki, ko a sayo na zamani mai kwamfuta?

Tsohon dai ƙarfe ne da inji ɗaya. Mai walda na unguwa zai ɗinke shi, a sa giris, a shafa fenti, ya koma juyi kafin Salla. Amma a kankare gindin ƙusoshi tukuna, fenti kan rufa wa tsatsa asiri.

Sabon yana jan samari, sai dai tsada. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu ba sa raga wa na'urorinsa, ga ɗaukewar wuta, kayan gyara kuma sai daga waje.

Mai ƙaramin jari da ke karɓar iyalai, tsohon ya ishe shi. Mai janareta da ƙwararren makanike zai iya da sabon.