Gwajin idon Baba a wani asibitin ido a Kano

Shekara da shekaru Baba na fama da dundumi, da magariba ta yi sai laluben bango. Mun ɗauka tsufa ne. A asibitin aka ɗiga masa magani ƙwayar idon ta buɗe, aka ɗauki hoton can cikin idon. Likitar ta nuna mini baƙaƙen ɗigo-ɗigo a gefen hoton, ta ce ciwon gado ne, retinitis pigmentosa, yana kama kusan mutum 1 cikin 4,000. Ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, kuma wannan gaskiyar ta kwanta mini a rai. Layi kam akwai shi, sai da muka kai azahar. Ta ce mu 'ya'yansa ma a duba mu, ranar Litinin zan koma.