Madubin hangen nesa mai lamba 10x50: sharhi bayan wata huɗu a hasumiyar gadin gobara

Na sayi wannan madubi mai ido biyu, wanda lambarsa 10x50 take nufin yana ninka girman abu sau goma kuma faɗin gilashin gabansa milimita 50 ne, a watan Mayu, mako biyu kafin in fara aikin sa kai a hasumiyar gadin gobarar daji da ke kan ƙololuwar gabas ta tsaunin Tamalpais, a gundumar Marin, arewa da birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya. Kuɗinsa bai kai dala 200 ba, kuma abin da ya ja hankalina gare shi shi ne rubutun da ke jikin kwalinsa, wanda ya ce ruwa ba ya shigarsa, hazo kuma ba ya kama shi. Ni kuwa na yi wa wannan magana fassarar son zuciya, na ɗauka cewa zan riƙa hango abin da ke bayan hazo da shi. Tun ranar farko tsaunin ya gyara mini fahimta.

Ya kamata in fayyace irin hazon da nake nufi, domin kalmar tana iya ruɗar wanda ya tashi da hazon hunturu, wato ƙurar da ke busar da leɓe ta mai da rana kamar faifai. Na nan jiƙaƙƙe ne. Ruwan Tekun Fasifik da ke gaɓar Kalifoniya yana da sanyi ƙwarai ko a tsakiyar lokacin zafi, saboda haka iska mai danshi da ta ratsa ta kansa takan huce ta zama gajimare a ƙasa-ƙasa, sannan iska mai ɗumi da ke sama ta danne shi kamar murfi. Ƙololuwar da hasumiyar take ta kai kimanin mita 784, kuma a yawancin safiyoyin Yuli da Agusta ina hawowa ne ta cikin hazon da fitilar mota a kunne, in ajiye motar, in taka kusan rabin kilomita a kan duwatsu, sai in tsinci kaina cikin hasken rana, hazon yana shimfiɗe a ƙarƙashina kamar audugar da aka shanya. A irin wannan safiya babu birni, babu gadar Golden Gate, sai kan tsaunin Diablo da ke leƙowa daga gabas.

A nan ne na gane ma'anar rubutun kwalin. An cika cikin madubin da iskar naitirojin, an toshe mahaɗansa da zoben roba, don kada danshi ya shiga ya taru a bayan gilashi inda hannu ba ya kaiwa. Wannan alkawari kam ya cika shi. Na fita da shi daga ɗakin hasumiyar mai ɗumi zuwa baranda mai sanyi sau da yawa a yini, na bar shi a rataye a wuyana ranar da hazon ya hauro ya rufe mu har ba a ganin ƙarfen barandar sosai, kuma ko sau ɗaya cikinsa bai yi gumi ba. Wajen gilashin ne yake jiƙewa, musamman ɓangaren ido, inda numfashin mutum da ɗumin fuskarsa suke haɗuwa da sanyi. Tsumman gogewar da ya zo da shi ƙarami ne, yakan jiƙe kafin hantsi, don haka sai da na sayi wasu uku nake ajiye su cikin leda a aljihu.

Mai karatu zai iya tambayar amfanin mai gadi a ranar da ba a ganin komai. Aikin ba ya tsayawa. Da safe akan buɗe tagogi, a gwada oba-oba, a auna zafi da danshin iska da ƙarfinta, a rubuta a littafin aiki tare da nisan abin da ido yake iya kaiwa a kowace kusurwa. Daga nan sai zagayen baranda, ana bin tuddai da kwaruruka ɗaya bayan ɗaya, a koma a zauna kaɗan, a sake fita. A tsakiyar ɗakin akwai na'urar nan ta Osborne, wadda wani ma'aikacin gandun daji a jihar Oregon, William Osborne, ya ƙirƙiro fiye da shekara ɗari da suka wuce: taswira ce mai da'ira da zobe mai juyawa mai digiri 360, ana saita ta a kan hayaƙi a karanta kusurwarsa a faɗa wa masu kashe gobara. Na'urar tana nuna inda abu yake. Ko abin hayaƙi ne ko ba hayaƙi ba, wannan hukuncin ido ne da madubi, kuma a nan ne nake auna darajar abin da na saya.

Lokaci mafi wuya shi ne tsakanin hantsi da azahar, sa'ad da rana ta fara cinye hazon yana ja da baya zuwa teku. Yakan bar ɓurɓushi a cikin kwaruruka, siraran farare da ke miƙewa tsaye daga tsakanin itatuwa, waɗanda tsofaffin masu gadi suke kira da wani suna mai ma'anar karen ruwa. Da ido kawai, ba su da maraba da hayaƙin wutar da ta fara kama ciyawa. Wata safiya a watan Agusta na hango irin wannan a wani kwari da ke saman garin Mill Valley, kuma gabana ya faɗi, domin duk wanda ya yi aiki a wannan tsauni ya ji labarin gobarar 1929 da ta gangara ta cinye gidaje fiye da ɗari a garin. Dattijuwar da muke aiki tare ranar, wadda ta daɗe tana hawa hasumiyar, ta hana ni taɓa oba-oba, ta ce in kafa madubin a gindin abin, in bar kansa. Hayaƙi yana da tushe guda da yake ci gaba da fitowa daga gare shi, yana kauri, sau da yawa da ɗan shuɗi ko ruwan toka a jikinsa. Hazo kuwa fari ne fat, gindinsa yana yawo, yana tsinkewa. Na jingina gwiwar hannu a kan ƙarfen barandar na zuba masa ido, kuma madubin ya nuna mini sarai yadda ƙasan abin ya rabu da itatuwa ya bar sarari, kafin minti biyar ya watse. A hasken da ba shi da ƙarfi irin na wannan safiya, faɗin gilashin gaba na milimita 50 yana tara haske isasshe, launuka kuma ba sa gaurayewa, wanda shi ne ainihin abin da ake buƙata don raba fari da shuɗi-shuɗi a nisan kilomita da yawa.

Inda ya gaza shi ne nauyi da rawa. Ya kusa kilo guda, igiyar wuyan da ya zo da ita siririya ce mai cin fata, kuma ninki goma yana ninka karkarwar hannu kamar yadda yake ninka abin da ake kallo. Idan iska ta taso da la'asar, sai na jingina da wani abu kafin hoton ya tsaya. Filin da yake nunawa ma ƙunci gare shi, wajen digiri shida da rabi, saboda haka bin dogon tudu da shi yana cin lokaci. Na ari mai lamba 8x42 na abokiyar aikina, wato mai ninki takwas da gilashin gaba na milimita 42, na yini guda, na ga ya fi sauƙin zagaye da shi nesa ba kusa ba, ko da yake da na koma kan wata ƙura da motar aiki ta tayar a wata hanya mai nisa, nawa ne ya fi saurin nuna mini motar. Murafen gilashin gaba kuma sakwa-sakwa suke. Ɗaya ya faɗa ƙarƙashin baranda a mako na uku, yana can har yau.

A ƙarshen Satumba da Oktoba hazon yakan ragu, busasshiyar iskar da ake kira Diablo ta fara busowa daga arewa maso gabas, irin wadda ta rura gobarar Tubbs a Santa Rosa a Oktoban 2017. A waɗannan ranaku sararin sama yakan washe har a hango tsibiran Farallon a cikin teku, kuma a nan ninki goma ya biya kuɗinsa ba tare da gardama ba.

Wanda zai yi gadi a hasumiyar da hazo yake yawan rufewa, kuma madubi ɗaya kawai zai iya saya, ina ganin 8x42 mai naitirojin zai fi yi masa daɗin yini. Ni dai zan koma da nawa a kakar gobara mai zuwa, amma na riga na sauya masa igiya da mai faɗi wadda ake ratayawa a kafaɗu biyu, na kuma ɗaure murfin da ya rage da zare.